RA'AYI: A Bambanta Gyaran Tsohon Turken Sadarwa Da Kafa Sabo

A ranar 20 ga Janairun 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan da kamfanonin suka nemi a ninka farashin gaba ɗaya. Hujjar da aka bai wa 'yan Najeriya a lokacin ita ce, rabon da a taɓa farashin tun 2013, alhali kuɗin dizal da na dala sun yi tashin gwauron zabo, kuma idan aka daure aka biya, sabis zai gyaru. Jama'a sun yi ƙorafi, Ƙungiyar Ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, amma a ƙarshe kowa ya biya, domin waya ta riga ta zama shago da banki da makaranta. Daga baya shugaban hukumar, Dakta Aminu Maida, ya bayyana cewa kamfanonin sun yi odar kayan aiki na sama da dala biliyan ɗaya domin haɓaka hanyoyin sadarwarsu.

Labari ne mai daɗin ji. Sai dai na'urar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa ba ta amfanar kowa sai ta hau kan turke an kunna ta. Tsakanin bakin teku da ƙololuwar turken nan kuwa akwai tebura da dama, kowane da fom ɗinsa da hatiminsa da rasidinsa. Waɗannan tebura ne wannan jarida ke kira da a sake wa lale, musamman a kan abin da ya shafi turakun da suka riga suka daɗe a tsaye.

Ya kamata a fara fahimtar irin aikin da ake magana a kai. Akasarin abin da ake kira haɓaka sadarwa a yau aiki ne da ake yi a kan ƙarfen sabis da ke tsaye tun shekaru goma ko ashirin da suka wuce, a cikin shingensa, a kan filin da aka riga aka bayar da izininsa. Injiniya ne zai hau ya kwance tsohuwar eriya ya ɗaura wadda ke ɗaukar 4G ko 5G, ya sauya akwatin na'urori a ƙasa, ya maye gurbin tsofaffin batura da na zamani, ya kafa allunan hasken rana domin a rage ƙona dizal, ko ya janyo wayar fayiba zuwa gindin turken a madadin farantin da ke harba saƙo ta iska. Tun wajen 2014, lokacin da MTN da Airtel da Etisalat suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin IHS da American Tower, turke ɗaya kan ɗauki kayan kamfanoni biyu ko uku a lokaci guda, kamar 'yan haya a gida ɗaya. Shigowar sabon ɗan haya ma aiki ne na ɗaura eriya a kan ƙarfen da ake da shi. Ba a tono sabon harsashi, ba a tsugunar da sabon maƙwabci a unguwa.

Duk da haka, a wurare da yawa ofisoshin gwamnati na kallon irin wannan gyara tamkar sabon gini. Kamfani kan samu kansa yana neman sahalewar hukumar tsara birane ta jiha, da hukumar muhalli ta jiha, da ƙaramar hukuma, ban da hukumomin tarayya irin su NCC, da Ma'aikatar Muhalli, da Hukumar Tabbatar da Bin Ƙa'idojin Muhalli, NESREA, da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, wadda ke bayar da takardar amincewa da tsayin ƙarfe. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, ƙarƙashin Injiniya Gbenga Adebayo, ta sha kokawa cewa nau'o'in haraji da kuɗaɗen da ake karɓa daga mambobinta sun haura 40. Ko da an rage wa wannan adadi kaso saboda mai kuka ne ke ƙirga hawayensa, abin da ya saura ya isa ya hana aiki tafiya.

Asalin cukumurɗar yana cikin doka. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkokin waya da sadarwar iska a cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni, kuma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya a Babban Birnin Tarayya. Ita kanta Dokar Sadarwa ta 2003 wadda NCC ke aiki da ita, a sashe na 135, ta ɗora wa mai lasisi alhakin neman izinin jiha da ƙaramar hukuma kafin ya kafa kayansa a kan ƙasa. Wato iskar ta Abuja ce, ƙasar da turken ke tsaye a kai kuma ta gwamna ce. Babu ministan da zai warware wannan ƙulli da sanarwar manema labarai.

Mazauna Abuja ba za su manta da abin da ya faru a 2012 ba, lokacin da hukumomin tarayya biyu suka yi ta ja-in-ja a kan wani turke a wani rukunin gidaje. Ƙa'idojin NCC na 2009 sun ce a bar tazarar mita 5 tsakanin turke da gini mafi kusa. Ƙa'idojin NESREA na 2011 sun ce mita 10. NESREA ta garƙame wurin, NCC ta zo ta buɗe, aka shiga musayar kalamai a jaridu, kamfanin da ya bi ƙa'idar hukumar da ta ba shi lasisi ya wayi gari a matsayin mai laifi a gaban wata hukumar ta gwamnati ɗaya. Daga baya an zauna an daidaita, amma darasin bai shiga kunne ba. Shekaru goma bayan nan, a 2022, jami'an tattara haraji na Jihar Kogi suka rufe wasu tashoshin sadarwa saboda taƙaddamar kuɗi, ALTON ta yi gargaɗin cewa katsewar za ta iya shafar Abuja da jihohin da ke maƙwabtaka. Dalili shi ne wasu tashoshin cibiyoyi ne da saƙonnin gomman turaku ke ratsawa ta cikinsu. Kwaɗon da aka maƙala a Lokoja na iya tsayar da na'urar POS a Gwagwalada.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Kaso mai tsoka na abin da ake kira bincike a wannan fanni karɓar kuɗi ne aka sanya masa rigar bincike. Gwajin mai sauƙi ne: a tambayi ofishin da ya riƙe fayil wata uku ko jami'insa ya taɓa zuwa gindin turken, ko yana da injiniyan da zai iya auna nauyin da ƙarfen zai ɗauka, ko yana da na'urar auna ƙarar janareto. Idan amsar ita ce a'a, kuma fayil ɗin ya motsa ne kawai bayan an nuna rasidi, to abin da aka kare shi ne asusun ofishin, lafiyar maƙwabcin turken tana nan inda take.

Wasu ƙasashe sun riga sun ratsa wannan hanya, kuma abin da ya faru a Amurka ya cancanci a tsaya a kansa, domin ita ma tarayya ce mai jihohi da ƙananan hukumomi masu kishin ikonsu a kan filaye. A 2012 majalisar dokokin ƙasar ta saka wani ɗan gajeren sashe, mai lamba 6409, a cikin wata doka da ta shafi haraji da samar da ayyukan yi. Ma'anarsa ita ce, idan kamfani ya nemi ƙara na'ura, ko cire ta, ko sauya ta a kan turken da ke tsaye, kuma aikin ba zai sauya girman turken sosai ba, jiha ko ƙaramar hukuma ba ta da ikon ƙin amincewa. Da yake kalmar "sosai" ƙofa ce ta gardama, a 2014 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta zauna ta fassara ta da alƙaluma. Ga turakun da ba a gefen hanya suke ba, ƙarin tsayin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari ko kimanin ƙafa 20, duk wanda ya fi yawa, babban sauyi ne. Haka ma ƙarin akwatunan na'urori sama da huɗu, ko tono a wajen harabar da aka amince da ita. Abin da bai kai haka ba, ƙaramar hukuma na da kwana 60 ta duba. Idan ta yi shiru har wa'adin ya cika, an ɗauka ta amince. Ƙananan hukumomi sun garzaya kotu, amma a ƙarshen 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da tsarin.

Abin lura shi ne ba a ƙwace wa ƙaramar hukuma ikon duba lafiyar gini ba. An dai hana ta yin amfani da jinkiri a matsayin makami.

Amma labarin na da ɓangare na biyu, wanda masu son a sassauta komai ba su cika ambata ba. A watan Maris na 2018 hukumar FCC ta ƙara gaba, ta cire ƙananan eriyoyin 5G da ake maƙalawa a jikin falwayoyi daga binciken muhalli da na kare wuraren tarihi baki ɗaya. Ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda ke da makabartu da wuraren ibada a filayen da abin zai shafa, tare da masu fafutukar muhalli, suka kai ƙara. A watan Agustan 2019 kotun ɗaukaka ƙara da ke birnin Washinton ta soke wannan ɓangare, tana mai cewa hukumar ba ta kawo gamsasshen bayani ba kan dalilin da zai sa a ɗauka cewa dubban ɗaruruwan sababbin na'urori ba za su yi wani tasiri ba. Sassaucin da aka gina a kan ma'auni bayyananne ya tsira a gaban alƙali, wanda aka yi da gaggawa kuma ya rushe bayan wata goma sha bakwai. Najeriya, inda kusan kowace manufa ke ƙarewa a kotu, na da abin koyo a duka ɓangarorin biyu.

Ba sai an yi aron komai daga waje ba ma. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sanya hannu a kan Umarnin Zartarwa na farko, wanda ya tanadi cewa idan ma'aikata ko hukumar tarayya ta gaza bayar da amsa a cikin wa'adin da ta wallafa, an ɗauka ta amince da buƙatar. A watan Fabrairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci, wadda ta mayar da wannan tanadi doka. Ashe ke nan ƙa'idar "shiru amincewa ne" tana cikin dokokin ƙasar nan. Matsalar ita ce ta tsaya a kan hukumomin tarayya, alhali mafi yawan tangarɗar na jihohi da ƙananan hukumomi ne. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ayyana kayayyakin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke bai wa kariya ta musamman. Wannan umarni ya fi mayar da hankali a kan ɓarayi da masu lalata kaya da masu katse wayoyin fayiba. Bai amsa tambayar nan ba: kwana nawa ya halatta fayil ɗin sauya eriya ya kwana a kan tebur?

Tarihin kuɗin izinin shimfiɗa fayiba a gefen hanya ya nuna yadda irin wannan gyara ke tafiya a Najeriya. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita. Shekaru bakwai aka shafe jihohi da dama na karɓar dubban naira a kan mita, sai a 2020, bayan da Ministan Sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya sake zama da Ƙungiyar Gwamnoni, aka ga motsi: Ekiti ta sauko zuwa naira 145, Kaduna da Anambra suka yafe kuɗin gaba ɗaya, Kwara ta mayar da shi naira ɗaya a kan kilomita. Daga baya shirin SABER na Bankin Duniya, mai dala miliyan 750, ya sanya gyaran ƙa'idojin fayiba a cikin sharuɗɗan da jiha za ta cika kafin ta samu kasonta. Lallashi da gasa tsakanin gwamnoni da ɗan kwaɗayin tallafi ne suka yi aiki a inda umarni daga Abuja ya gaza. Har yau kuma akwai wuraren da aka rage kuɗin mita a takarda, aka dawo da shi ta bayan gida da sunan kuɗin fom ko kuɗin duba aiki. Duk wanda zai tsara sassauci a kan turaku ya san da wannan dabara tun kafin a fara.

Abin da wannan jarida ke ganin ya dace shi ne NCC, tare da Ma'aikatar Muhalli da NESREA da NCAA da wakilan jihohi, su fitar da ma'auni guda, da alƙaluma, na abin da ake kira ƙaramin gyara. Sauya na'ura da makamanciyarta, ƙara eriya ba tare da ƙara tsayin turke ba, sauya batura, kafa allunan hasken rana a cikin shinge, da shigo da sabon ɗan haya, duk su shiga wannan rukuni muddin aikin bai fita daga harabar da aka amince da ita ba. Irin wannan aiki sanarwa ta ishe shi. Kamfani ya shigar da bayanin abin da zai yi a shafi guda na intanet da dukkan hukumomin ke gani, ya haɗa da takardar injiniyan da ke da rajista da hukumar COREN wanda ya sa hannu cewa ƙarfen zai ɗauki nauyin. Hukumar da ke da ƙorafi ta rubuta dalilinta a cikin wa'adi ƙayyadadde, wata guda ya wadatar. Idan wa'adin ya wuce babu amsa, aiki ya ci gaba. Kuɗin da za a biya kuma ya kasance daidai da abin da duba fayil ɗin ke ci, a wallafa shi kowa ya gani, a biya ta banki.

Tunda Kotun Ƙoli ta ce hurumin tarayya a kan tsara birane ya tsaya a Abuja, to daga Abuja ya kamata a fara. A nan Gwamnatin Tarayya ba ta da gwamnan da za ta ɗora wa laifi. Ministan Babban Birnin Tarayya naɗin shugaban ƙasa ne, Majalisar Tarayya ce ke yi wa birnin doka, sashen kula da gine-gine kuma a ƙarƙashin ministan yake. Idan aka gwada tsarin na shekara guda a Abuja aka wallafa sakamakon, Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, zai shiga zauren Majalisar Tattalin Arziki da hujja a hannu maimakon roƙo.

To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai wuraren da bincike ya zama dole, kuma kamfanonin sadarwa ba waliyyai ba ne. Na farko shi ne nauyi. Eriyoyin 5G na zamani, waɗanda ke haɗe da na'urar harba saƙo a jikinsu, sun fi na da nauyi da cin wuta, kuma kowane allo da aka ƙara a saman turke ƙarin wuri ne da iska za ta kama. Ƙarfen da aka ƙera domin kamfani ɗaya a zamanin 2G, ya sha rana da ruwan sama na shekara ashirin, aka kuma loda masa kayan kamfanoni uku, abin tsoro ne a lokacin guguwar farkon damina. An sha ganin turaku sun faɗo a kan gidaje da shaguna a ƙasar nan, an kuma yi asarar rayuka. Saboda haka takardar injiniya kada ta zama wani sabon fom da ake saye a bakin ofis. Wanda ya sa hannu ya san lasisinsa da 'yancinsa ne a kan layi, NCC kuma ta riƙa zaɓar wasu turaku ba tare da sanarwa ba tana aunawa da kanta. Ƙwararrun da aka sauke wa nauyin duba dubban fayilolin ƙananan gyare-gyare sai su samu lokacin zuwa fili.

Na biyu shi ne janareto. Idan aka tambayi mutanen da ke kwana kusa da ƙarfen sabis abin da ke damunsu, mafi yawa ƙara da hayaƙi da girgizar bango za su ambata, sai kuma man da ke tsiyaya ya gurɓata rijiya. Gyaran da zai ƙara girman janareto ko tankin dizal bai cancanci shiga rukunin sanarwa ba. Wanda zai rage ƙona mai ta hanyar hasken rana da batura kuwa, shi ya fi cancantar a buɗe masa hanya, kuma abin mamaki ne a ce kamfanin da ke son rage hayaƙi sai ya jira izinin hukumar muhalli na watanni. Tsayi ma haka: duk ƙarin tsawo, musamman kusa da filayen jiragen sama, dole ya koma gaban NCAA. A 2019 hukumar ta yi barazanar rushe turaku sama da 7,000 da ta ce ba su da takardar amincewa da tsayi, abin da ke nuna cewa sakacin ba a ɓangare ɗaya yake ba. Sabon turke a sabon fili kuwa, babu wanda ke cewa a cire shi daga Dokar Tantance Tasirin Muhalli ta 1992.

Batun tururin da eriya ke fitarwa shi ne ya fi tayar da hankalin jama'a, musamman tun 2020 da aka yaɗa jita-jitar cewa 5G ce ta haddasa annobar korona, har aka ƙona turaku a Birtaniya. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu hujjar da ta tabbatar da cutarwa daga tashoshin sadarwa muddin suna cikin iyakar da aka ƙayyade a duniya. Maganin fargaba shi ne a auna a kuma wallafa sakamakon da Hausa da sauran harsuna, a liƙa lambar ƙorafi a jikin shingen kowane turke, wadda idan an kira za a ɗauka. Riƙe fayil a ofis bai taɓa kwantar wa kowa da hankali ba.

Gwamnoni za su ce, kuma da gaskiyarsu, suna neman kuɗin shiga, kamfanonin nan kuma na cin riba a ƙasarsu. Amma lissafin gajere ne. Abin da jiha ke samu daga izinin sauya eriya ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da harajin da za ta tara daga kasuwancin da sabis mai kyau ke rayawa. Kamfani kuma yana da zaɓi. Kasafinsa na shekara ƙayyadadde ne, injiniyoyinsa ƙidayayyu ne, saboda haka inda aiki ke tafiya da sauri can zai fara kai kaya. Jihar da ta tsaurara ba ta cutar da MTN ko Airtel ko Glo, ta dai tura kanta ƙarshen layi. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta da mai POS a kasuwar ƙauye su ne za su biya farashin.

Alƙaluman ƙasar na nuna inda aka tsaya. Shirin Intanet Mai Sauri na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kaiwa kashi 70 cikin ɗari. Wa'adin ya zo ƙarshe ana kusa da kashi 50. A watan Disambar 2021 MTN da Mafab suka lashe gwanjon lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, Airtel ta biyo baya, MTN ta fara aiki a 2022 a birane bakwai da suka haɗa da Abuja da Kano da Maiduguri, amma har yanzu masu amfani da 5G ba su kai kashi 5 cikin ɗari na layukan ƙasar ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na layukan a kan 2G suke. Wannan adadi na ƙarshe ya fi muhimmanci ga karkarar Arewa. A ƙauyuka da yawa turken na nan a tsaye, ana kira ana amsawa, amma ba a iya buɗe manhajar banki ko aika hoto. Abin da ake buƙata a can shi ne a ɗaura 4G a kan ƙarfen da ake da shi, wato daidai irin aikin da ake magana a kai. Mutanen Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, waɗanda aka katse wa sabis a 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, sun san abin da rashin sadarwa ke yi wa ciniki da zumunci fiye da kowane mai tsara manufa a Abuja.

Kada kuma a yaudari kai cewa sassauta izini zai magance komai. Ba zai hana ɓarayi sace batura da dizal ba, ba zai hana masu aikin titi datse fayiba ba, ba zai saukar da dala ba, ba kuma zai sa injiniya ya shiga dajin da 'yan bindiga ke iko da shi ba. Amfaninsa shi ne, a cikin dukkan waɗannan matsaloli, shi kaɗai ne gwamnati za ta iya gyarawa ba tare da ta kashe ko kwabo ba.

Kuma tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sassaucin ya zo da sharaɗi. Kamfanonin da aka bai wa ƙarin kashi 50 a farashi, idan aka kuma sauƙaƙa musu izini, uzurinsu ya ƙare. NCC ta riga ta umarce su a 2025 da su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar katsewar sabis, su kuma biya diyya idan ta wuce awa 24. Sai a ɗora a kan wannan: kowane wata uku hukumar ta wallafa, jiha bayan jiha, adadin turakun da aka haɓaka, da kwanakin da izini ya ɗauka, da sunan ofishin da ya fi riƙe fayil, da kamfanin da ya samu izini amma bai hau turken ba. Da irin wannan jadawali ne ɗan majalisar jiha zai iya tambayar kwamishinansa, mai biyan kuɗin data kuma ya san ko kamfaninsa zai tuhuma ko gwamnansa. Babban zaɓen 2027 na tafe, kuma duk wani shiri na aika sakamako daga rumfunan zaɓe ta intanet ya dogara ne a kan waɗannan turaku, waɗanda gyaran dubbai daga cikinsu aiki ne na watanni masu yawa ko da babu fayil ɗin da ya kwana a ofis.